Yadda Ake Neman Tallafin Access to Work a Birtaniya: Jagora ga Masu Naƙasa da Ke Aiki da Masu Neman Aiki

Da ƙarfe shida na safe a watan Janairu, a birni irin Mancesta, gari bai waye ba, kuma sanyin da ke tashar bas yana ratsa riga uku. Ga mai lafiya wannan wahala ce ta ɗan lokaci, da ya shiga mota ya ji ɗumi ya manta. Ga matar da ke da cutar sikila kuwa, tsayuwar minti ashirin a wurin tana iya tayar mata da ciwon da zai kwantar da ita kwanaki a asibiti, kuma idan abin ya maimaitu sau uku kafin hunturu ya fita, za a fara kiranta ofis ana tambayar dalilin yawan fashinta. Aikin kansa bai gagare ta ba. Abin da ke neman raba ta da shi shi ne tafiyar da ke tsakanin ƙofar gidanta da ƙofar ma'aikata, kuma domin kawar da irin wannan cikas ne gwamnatin Birtaniya take ware kuɗi tun 1994, a ƙarƙashin shirin da ake kira Access to Work, wato samun damar aiki.

Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wadda aka fi sani da DWP, ita ce ke gudanar da shirin a Ingila da Scotland da Wales, kuma a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ta kashe kimanin fam miliyan 258 a kansa. Ireland ta Arewa tana da nata tsarin mai irin wannan suna, amma ta wata ƙofa dabam ake nemansa. Duk da yawan kuɗin nan, da wuya ka ji an ambaci shirin a taron suna ko a harabar masallaci bayan Juma'a, inda 'yan'uwanmu mazauna ƙasar ke musayar labarin biza da kuɗin haya da makarantar yara. Wasu ba su taɓa jin sunansa ba. Wasu sun ji, amma kunya ta hana su tambaya.

Wannan kunyar na fahimce ta, kuma ban raina ta ba. Mun taso a inda mutane da yawa ke haɗa kalmar naƙasa da ƙoƙon bara, saboda haka wanda ya tashi tsaye yana neman na kansa yakan guji duk abin da zai sa a kira shi da ita. Sai dai kuɗin nan daga haraji ya fito, har da wanda ake cira daga albashinka kowane wata, kuma manufarsa ita ce ka ci gaba da cin guminka. Ba rance ba ne, ba za a ce ka mayar ba. Ba a duba yawan albashinka kafin a ba ka, ba ya rage sauran kuɗaɗen tallafin da kake karɓa, kuma neman sa kyauta ne, ba ya buƙatar dillali ko sanin wani babba a ofis.

Wanda ya cancanta

Sharuɗɗan ba su da yawa. Dole ne mutum ya kai shekara 16, ya kasance yana zaune kuma yana aiki a Ingila, Scotland ko Wales, yana da naƙasa ko wata larura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ke sa ya buƙaci taimako wajen yin aikinsa ko wajen zuwa da dawowa, sannan ya kasance yana aikin da ake biyansa, ko zai fara ko zai koma irin wannan aiki cikin makonni 12 masu zuwa. Larurar tana da faɗi fiye da yadda ake zato. Ta haɗa da makanta da raunin gani, kurumta da raunin ji, shan inna, shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, ciwon suga, sikila, ciwon damuwa da fargaba, otizim, da wahalar karatu da rubutu da ake kira disleksiya, har ma da larurar ɗan lokaci irin karayar ƙafa. Ba sharaɗi ba ne sai likita ya riga ya sa wa ciwon suna kafin a nema.

Aikin na iya zama na cikakken lokaci ko na 'yan awoyi, kuma koyon sana'a da ake biya, da aikin gwaji, da zaman samun horo a ma'aikata duk sun shiga. Aikin sa kai da ba a biya bai shiga ba. Mai sana'ar kansa ma ya cancanta, muddin cinikinsa na shekara ya kai wani mizani da aka ɗaura da tsarin inshorar ƙasa, wanda a shekarar 2025 zuwa 2026 ya tsaya a fam 6,500, amma ba a ba da jarin fara kasuwanci. Ma'aikatan manyan ma'aikatun gwamnatin tsakiya kuma, tun Afrilun 2022, ma'aikatunsu ne ke ɗaukar nauyin wannan taimako kai tsaye. Mai karɓar Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi da marasa aiki, zai iya nema idan yana aikin fiye da awa ɗaya a mako, mai karɓar ESA kuma, wato tallafin wanda larura ta rage masa ikon aiki, idan aikinsa bai kai awa 16 a mako ba, kuma yana cikin irin aikin da dokar ESA ta yarje masa.

Akwai tambayar da ta fi damun waɗanda suka shigo da bizar aiki ko ta iyali, waɗanda aka rubuta musu cewa ba su da damar cin kuɗin jama'a. Wannan sharaɗi yana nufin wani jerin tallafi ne da dokokin shige da fice suka ambata da suna, irin su Universal Credit da PIP (tallafin rayuwar yau da kullum na masu naƙasa) da tallafin yara, kuma Access to Work ba ya cikin jerin. Saboda haka ma'aikaciyar jinya ko mai kula da tsofaffi da ke da izinin aiki ba ta da dalilin fasa nema saboda wannan tsoro. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya nuna takardunsa ga ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta.

Abin da ake biya, da abin da ke wuyan ma'aikata

Shirin yana biyan kuɗin kayan aiki na musamman, kamar manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke allon kwamfuta, ko wadda ke ƙara girman rubutu, ko wadda ke rubuta abin da mutum ya faɗa da baki, ko kujera da tebur da aka ƙera daidai da larurar mutum, ko ƙaramar makirufo da ke aika muryar mai magana kai tsaye zuwa na'urar ƙara ji. Yana biyan ladan mataimaki, wato tafintan kurame, ko mai ɗaukar bayani a taro, ko mai karanta takardu, ko mai horar da mutum kan tsara aikinsa, ko direba, ko abokin tafiya. Yana biyan kuɗin tasi ga wanda ba zai iya hawa bas ko jirgin ƙasa ba, da kuɗin gyara mota yadda mai larura zai iya tuƙa ta, da gyaran ginin wurin aiki. Idan mutum yana aiki daga gida, ko da wasu ranaku ne kawai, gidan ma wurin aiki ne a idon shirin. Akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai samu a shekara, wadda aka kai fam 69,260 a watan Afrilun 2024, kuma waɗanda wannan iyaka ta fi shafa su ne kurame masu buƙatar tafinta kowace rana.

Kan batun tasi, abin da ake biya shi ne ƙarin da larura ta jawo, saboda haka akan cire abin da da ma za ka kashe a bas ko mai, sannan a biya sauran. Wannan ɓangare yana da muhimmanci ga mai farfaɗiya, domin a ƙa'idar ƙasar yakan dakatar da tuƙi har sai ya shekara ciwon bai tashi ba, kuma mutane da yawa kan rasa aiki a wannan tsakanin ba don komai ba sai rashin abin hawa.

Taimakon lafiyar ƙwaƙwalwa yana da tasa hanyar. Wanda damuwa ko fargaba ke hana shi zuwa aiki ko natsuwa a cikinsa zai iya tuntuɓar Able Futures ko Maximus kai tsaye, waɗanda gwamnati ta ba kwangilar, a haɗa shi da ƙwararren da zai riƙa tattaunawa da shi har tsawon wata 9, cikin sirri kuma ba tare da ya biya komai ba.

Abin da shirin ba ya biya shi ne abin da doka ta riga ta ɗora wa ma'aikata. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa duk wanda ya ɗauki mai naƙasa aiki ya yi masa gyara daidai gwargwado, abin da suke kira reasonable adjustments, kuma yana da kyau ka riƙe wannan suna domin da shi za ka yi magana da shugabanka. Sauya lokacin shiga aiki, barin mutum ya zauna a bene na ƙasa, ba shi damar zuwa asibiti, ware masa wurin ajiye mota kusa da ƙofa, ko matsar da teburinsa daga bakin tagar da iska ke shigowa, duk hakkin ma'aikata ne. Haka kuma kayan da kowane ma'aikaci ke buƙata, irin kwamfuta ta yau da kullum. Shi ya sa matakin farko, kafin a taɓa fom, shi ne zama da shugaban sashenka ko ofishin kula da ma'aikata, ka faɗi abin da ke ba ka wahala, a rubuta abin da suka amince za su yi. Abin da ya rage bayan wannan shi za ka kai wa Access to Work, kuma jami'in da zai duba takardarka zai so ya san abin da ma'aikata ta riga ta yi.

Idan ba ka samu aiki ba tukuna

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: babban tallafin ba ya buɗewa sai an yi maka tayin aiki. Amma akwai ƙofa ɗaya da mai neman aiki zai shiga tun kafin wannan, ita ce taimakon sadarwa a ganawar ɗaukar aiki. Kurma ko mai raunin ji da ke buƙatar tafinta, da wanda wata larura ke sa ya buƙaci mai taimaka masa wajen magana da fahimta, zai iya neman a biya ladan wannan mutum. Ana nema ne kafin ranar ganawar, ta fom na dabam, inda za ka ba da sunan kamfanin, ranar ganawar da tsawonta, sunan wanda za a tuntuɓa a can, da jimillar kuɗin tafintan. Amsa takan zo cikin 'yan kwanaki, kuɗin kuma bayan ganawar ake biya, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Wani abin lura ga kurman da ya taso a Kano ko Zariya shi ne cewa maganar hannu ta Hausa dabam take da ta Birtaniya da ake kira BSL, saboda haka ya faɗi tun farko irin taimakon da zai amfane shi, ko tafinta ne ko mai rubuta abin da ake faɗa a allo nan take.

Sauran taimakon mai neman aiki yana ofisoshin Jobcentre Plus, wato ofisoshin gwamnati na taimaka wa masu neman aiki. Ka gaya wa jami'in da ke kula da kai cewa kana da larura, ka nemi a haɗa ka da mai ba masu naƙasa shawara kan aiki, kuma ka tambaya game da asusun da suke kira Flexible Support Fund, wanda daga cikinsa akan biya kuɗin motar zuwa ganawa ko na tufafin da suka dace, gwargwadon ganin jami'in. Akwai kuma takardar da ake sauke wa kyauta daga shafin gwamnati mai suna Health Adjustment Passport, inda mutum ke rubuta buƙatunsa sau ɗaya ya riƙa nuna ta, maimakon ya maimaita labarin ciwonsa a gaban kowane baƙo. Wajen duba tallan aiki kuma, ka lura da alamar Disability Confident, domin ma'aikatun da ke ɗauke da ita sun yi alkawarin kiran mai naƙasa ganawa idan ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan aikin. Doka ta hana a tambaye ka lafiyarka kafin a yi maka tayin aiki, in ban da wasu dalilai ƙalilan, kamar sanin gyaran da kake buƙata a ranar ganawar.

Lissafin makonni: 12, 4 da 6

Idan akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya tafi da shi, lokaci ne. Layin jira ya yi tsawo ƙwarai. A watan Fabrairun 2025 takardu kimanin 62,000 ne ke jiran a duba su, kuma mutane kan yi watanni kafin a kira su. A ganina wannan jinkiri shi ne babban aibin shirin, domin wanda aka ɗauka aiki bisa gwajin wata shida zai iya cinye gwajin gaba ɗaya ba tare da kayan da zai nuna ƙwazonsa da su ba. Amma tsarin yana fifita wanda zai fara aiki cikin makonni 4 masu zuwa. Saboda haka ranar da takardar tayin aiki ta shigo hannunka da ranar farawa a jiki, ranar ce ta cika fom, matuƙar farawar ba ta wuce makonni 12 ba, kuma idan ta matso ka buga waya ka tuna musu.

Makonni 6 kuwa sun shafi aljihun ma'aikata. Idan ka nema kafin ka cika makonni 6 a aikin, shirin ne ke ɗaukar dukkan kuɗin da aka amince da shi. Idan ka wuce haka, ana raba kuɗin kayan aiki da na gyaran gini da ma'aikata bisa girmanta. Mai ma'aikata ƙasa da 50 ba ta biyan komai. Mai 50 zuwa 249 za ta biya fam 500 na farko, sannan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya biyo baya har zuwa fam 10,000. Mai 250 ko fiye za ta biya fam 1,000 na farko da kashi 20 ɗin. A ce kayan da kake buƙata na fam 3,000 ne, kamfanin kuma yana da ma'aikata 100: zai biya fam 500, ya ƙara wani 500 wanda shi ne kashi 20 na ragowar 2,500, gwamnati ta biya 2,000. Fam dubu ba zai karya kamfani ba, amma ya isa ya sa wani manaja ya yi ta jan ƙafa, kuma sabon ma'aikaci ba ya son ya fara da roƙon a kashe masa kuɗi. Ladan mataimaki da kuɗin tafiya ba su cikin wannan rabo, haka ma mai sana'ar kansa. Wanda ya daɗe a aiki kafin larura ta same shi kada wannan ya sa ya ja baya, ya nema kawai, ya kuma nuna wa ma'aikata wannan lissafi domin su ga cewa mafi yawan nauyin ba a kansu yake ba.

Cika fom, da maganar "da sauƙi"

Ana nema ta shafin gwamnati na intanet, GOV.UK, ko ta waya a lamba 0800 121 7479, daga Litinin zuwa Juma'a, kuma akwai hanyar rubutu da ta bidiyo ga kurame. Ka tanadi lambarka ta inshorar ƙasa, adireshin wurin aiki, da suna da lambar wani a ma'aikata da zai tabbatar kana aiki a can, wanda ba za a tuntuɓe shi ba sai da izininka. Mai sana'ar kansa ya tanadi lambarsa ta haraji mai lamba goma. Wannan ɓangare ba ya cin lokaci. Inda ake samun matsala shi ne wurin da aka ce ka bayyana yadda larurar ke shafar aikinka.

Tarbiyyarmu ce idan an ce "ya jiki?" mu ce "da sauƙi", ko da mun kwana ba mu runtsa ba. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a tsakanin 'yan'uwa, amma jami'in da ke karanta fom ɗinka bai san ta ba, kuma abin da ka rubuta shi zai ɗauka. Idan ka ce kana lallaɓawa, zai fahimci cewa ba ka buƙatar komai. Godiya ga Allah tana nan a zuciya, fom kuma a ba shi bayani dalla-dalla. Kuskure na biyu shi ne cika wurin da tarihin ciwo, da sunayen magunguna da asibitocin da aka kwanta, alhali abin da ake son ji shi ne inda ciwon ya ci karo da aikin.

A ɗauki misalin mai raunin gani da ke aikin lissafi a ofis. Idan ya rubuta cewa yana da ciwon ido tun yana yaro, bai ba jami'in abin da zai yi aiki da shi ba. Idan kuwa ya rubuta cewa aikinsa ya ƙunshi duba lambobi a kwamfuta kimanin awa biyar a rana, cewa sai ya kai fuskarsa dab da allo kafin ya bambance 3 da 8, cewa bayan rabin awa kansa kan fara sara, cewa rasidin da ake kawowa a takarda sai abokin aiki ya bar nasa ya karanta masa, kuma abin da wasu ke gamawa cikin awa ɗaya yana cin masa biyu, to ya zana hoton da za a iya auna kuɗinsa. Dabarar ita ce ka ɗauki takarda ka bi ranar aikinka tun daga fitowa gida har komawa, a kowane mataki ka rubuta abin da kake yi, abin da ke tare ka, sau nawa a mako, da abin da ke biyo baya. Mai larurar da ke tashi ta kwanta, irin sikila, ya bayyana mummunar ranarsa da yawan zuwanta, ba ranar da ya tashi garau kawai ba. Kada a ƙara gishiri, domin za a gwada maganarka da ta mai tantancewa, amma kada a rage komai. Ba laifi ba ne idan ba ka san sunan na'urar da za ta taimake ka ba, akwai wanda aikinsa ke nan.

Bayan an karɓi takardar, jami'i zai kira ka, sannan da izininka ya yi magana da ma'aikata. Sau da yawa akan turo mai tantancewa ya duba wurin aikin, ko ido da ido ko ta bidiyo ko ta waya, ya rubuta rahoton abin da ya ga ya dace. Ka riƙe takardar nan taka a hannu lokacin ganawar, kuma idan da hali ka nuna masa abin a aikace: ka zauna a kujerar, ka buɗe manhajar da kake fama da ita, ka kai shi matakalar. Ka nemi kwafin rahoton ka karanta shi a tsanake, domin gyara kuskure a wannan mataki ya fi sauƙi a kan bayan an yanke hukunci. Ga mai neman kuɗin tasi, ana iya neman shaidar likita da farashi daga kamfanonin tasi fiye da ɗaya, kuma tanadar su tun da wuri yana rage jira.

Karɓar kuɗin

Hukunci yana zuwa a wasiƙa, wadda za ta faɗi abin da aka amince da shi, nawa ne, kuma har zuwa yaushe, wanda ba ya wuce shekara 3. Kada ka sayi komai kafin wannan wasiƙa da tunanin za a mayar maka. Ka kuma sani cewa ba a zuba kuɗin a asusunka gaba ɗaya. Kai ko ma'aikata ne za ku fara biya, sannan a nemi a mayar, ko da yake ana iya tsara a biya mataimaki ko kamfanin tasi kai tsaye, kuma duk wanda albashinsa ba zai ɗauki kuɗin tasi na wata guda ba ya nemi wannan tsari tun a hirar farko. Ana neman biya ta intanet ko ta gidan waya, da rasidi ko takardar kuɗi, kuma wanda ka ba da sunansa a ma'aikata zai tabbatar da ranakun da ka yi aiki. Wa'adin nema wata 9 ne daga lokacin da aka kashe kuɗin. Shawarata ita ce a ware rana ɗaya a ƙarshen kowane wata, a ɗauki hoton kowane rasidi da waya tun ranar da aka karɓe shi, domin rubutun ƙaramin rasidin tasi yakan dushe a aljihu kafin wata ya ƙare. Kayan da ma'aikata ta saya da kuɗin tallafin nata ne a hukumance, ita ke kula da gyaransu, amma idan za ka sauya aiki kana iya neman a bar ka ka tafi da su.

Idan an ƙi, ko an ba da abin da bai kai buƙata ba, kana da makonni 4 daga ranar da ke jikin wasiƙar ka nemi wani jami'i dabam ya sake dubawa. Ba a kai wannan hukunci kotun ɗaukaka ƙara kamar yadda ake yi da wasu kuɗaɗen tallafi, saboda haka wannan dama ce da ba a wasa da ita: ka rubuta dalilanka a fili, ka nuna aikin da zai tsaya idan babu taimakon, ka haɗa da wasiƙar shugabanka in zai bayar. Ƙungiyoyi irin RNIB ta masu larurar gani, RNID ta masu larurar ji, da Scope ta masu naƙasa gaba ɗaya suna ba da shawara kyauta, kuma ɗan majalisar mazaɓarka yana da ikon rubuta wa DWP idan takardarka ta maƙale. Idan kuwa ma'aikata ce ta ƙi yin gyaran da doka ta ɗora mata, hukumar Acas mai sasanta rikicin wurin aiki ake fara tuntuɓa, kuma da gaggawa, domin wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne.

A watan Maris na 2025 gwamnati ta buɗe neman shawarar jama'a kan sauya fasalin shirin, kuma alƙaluma irin iyakar shekara ana sake duba su lokaci zuwa lokaci, don haka a karanta shafin GOV.UK a ranar da za a cika fom. Wanda ya riga ya samu tallafin kuma ya rubuta ranar ƙarewarsa a inda zai riƙa gani, domin ana iya neman sabuntawa tun saura makonni 12, kuma wanda ya bari ya ƙare zai iya samun kansa makonni ba tafinta ba tasi. Duk wani sauyi, ko na larurar, ko na matsayi a ofis, ko na adireshin gida, sai a sanar da su. Sauya ma'aikata ma haka, kuma tun ranar da sabon tayin ya zo, domin lissafin makonnin nan daga farko yake sake farawa.